Daga Kwabar Sarki Zuwa Hannun Lebura: Tarihin Kofin Tangaran

Ran sunan ɗiyar wani abokin aikina, bayan jama'a sun watse, muka shige ɗakin baƙi mu huɗu don mu sha shayi. Gabanmu akwai kwabar gilas, tun daga ƙasa har kusa da rufi, maƙil da tangaran: kofuna masu bakin ruwan zinari, butocin shayi, farantai jere bisa jere. Da aka kawo shayin sai ga shi cikin kofunan roba shuɗɗa waɗanda rana da soso suka cinye launinsu, suna ƙanshin sabulun wanki. Na sha nawa ban ce uffan ba, don baƙo ba ya gyaran gidan da ya tarar. Amma maigidan ya ga inda idona ya tsaya. Ya yi dariya ya ce, "Mushe, waɗancan na uwargida ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ko ni ban taɓa sa baki cikin ɗaya ba."

Ya san dalilin da ya sa na duba. Duk wanda muka yi aiki tare ya san ina da wata ƴar cuta ta tara kofuna. Guda goma sha huɗu gare ni, manya masu mariƙi, babu biyu da suka yi kama. Na farkon a Damagaram na saye shi, da albashina na fari bayan na fito daga makarantar horon malamai. Suna rataye bisa ƙusoshi a baranda, kusa da randa, kuma doka ɗaya ce a kansu: kowane kofi sai an sha da shi. Da ni da uwar yara da yara da baƙo, kowa ya miƙa hannu ya ɗauki wanda ya kwanta masa a rai. Abokan aiki na yi mini ba'a, wai malamin da ke jiran ƙarshen wata ya ɗora wa kansa sarautar kofuna. To bari yau in faɗi inda wannan abu ya samo asali, don a darasin tarihi mukan koya wa yara yaƙe-yaƙen Kanta da mulkin Tanimu na Damagaram, amma ba mu taɓa tsayawa kan abin da ke hannunsu kowace safiya ba.

Mu da muka tashi a ƙauye da ƙwarya muka buɗe ido. Fura a ƙwarya, kunu da ludayi, ruwa da moɗar da ke kife bisa faifan randa. In ƙwarya ta tsage ba a yar da ita, a ajiye sai gyartai ya zagayo ya ɗinke ta. Ginin tukwane kuwa ba baƙo ba ne a wannan yanki. A Ounjougou ta ƙasar Mali masu tonon tarihi sun sami katangar tukwane da aka toya tun wajen shekara 9,400 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a duwatsun Abzin an sami waɗanda suka haura shekara 9,000. Suna cikin tsofaffin tukwanen duniya. Har gobe kuma magina na Mirya kusa da Damagaram, da na Bubon a bakin kogi kusa da Yamai, suna kan sana'arsu.

To me ya hana waɗannan gwanaye su gina mana kofin shayi? Wuta ce. Tukunyar da ake toyawa a fili da kara da itace da kashin shanu, zafin da take samu bai cika wuce digiri 900 ba. Yumɓun yakan yi tauri, amma jikinsa na nan da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan randa ke tsattsafo, iska ta busar da danshin da ke bayanta, zafi ya tafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Wannan ba aibi ba ne, shi ne dukan hikimar randa, kuma firji bai kashe ta ba har yau. Sai dai jikin da ke shan ruwa zai sha madara da sukari, bayan kwana uku ya yi tsami. Kofin abin sha mai zafi yana son yumɓun da wuta ta narkar da shi ya haɗe kamar gilas, kuma hakan ba ya samuwa sai cikin rufaffen tanderu da ya kai digiri 1,200 zuwa 1,300.

Mutanen Sin ne suka fara kai wuta wannan matsayi. Sun gano cewa in aka haɗa wani farin yumɓu da niƙaƙƙen dutse na musamman aka gasa su da wuta mai tsanani, abin da zai fito fari ne fat, ba ya shan ruwa, haske na ratsa shi, in ka ƙyasta shi da farce ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Farin yumɓun nan shi ne kawolin, sunan ya fito daga wani ƙauye mai suna Gaoling inda ake haƙo shi. Kusa da ƙauyen akwai garin Jingdezhen, wanda ya sami sunansa a shekarar 1004 daga zamanin sarkin da ke mulki lokacin, kuma ya zama cibiyar tangaran ta duniya ɗaruruwan shekaru. Wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna d'Entrecolles da ya zauna can ya aika wasiƙu gida a 1712 da 1722 yana bayanin yadda ake aikin. Ya ce kwano guda kan bi ta hannun ma'aikata wajen 70 kafin ya fito kasuwa: wannan ya kwaɓa, wannan ya murza, wannan ya ja layin baki kawai, wancan ya zana fure. Kofin shayinsu ƙarami ne, ba shi da mariƙi, kamar finjalin da muke shan ataya da shi.

Da jiragen ruwan Fotigal suka fara kai wannan kaya Turai, masu kuɗi suka ruɗe. A 1603 ƴan Holan suka kama wani jirgin Fotigal mai suna Santa Catarina kusa da Singafo, aka yi gwanjon kayansa a Amstadam shekara ta gaba, daga nan kasuwar ta buɗe. Miliyoyin kwanoni da kofuna suka riƙa tafiya Turai, azurfa na tafiya Sin. Maginan Turai suka yi ta gwaji, wasu da garin gilas, wasu da alli, abin ya ƙi.

A nan ne labarin ya kai ga mutumin da nake tunawa duk lokacin da na tsaya gaban kwabar wani. Sunansa Ogustus, ana yi masa laƙabi da Mai Ƙarfi, shi ne mai mulkin Saksoni a ƙasar Jamus ta yau, kuma sarkin Polan. Fadarsa na birnin Dresden. Shi da bakinsa ya kira halin da yake ciki ciwon tangaran. A 1717 ya ɗauki sojojinsa na doki 600, mutane masu rai da iyali, ya ba sarkin Furusiya, aka ba shi tangaran ɗin Sin guda 151. Ku yi lissafin da kanku, kusan mutum huɗu ke nan a kan kowane tulu. Ya tara fiye da guda 20,000, ya sayi wani gida a bakin kogi ya sa ana mai da shi fadar tangaran, inda za a jera su a bango ɗaki bayan ɗaki. Ya mutu a 1733 ba a gama ginin yadda ya so ba. Mafi yawan abin da ya tara bai taɓa ganin ruwan zafi ba.

Da yake sayen tangaran da yaƙe-yaƙe sun zuƙe masa baitulmali, sai ya shiga neman zinari ta hanyar da ba ta dace ba. Akwai wani saurayi mai suna Böttger, yaron kantin magani a Balin, da ya yi ta cika baki wai ya iya mai da ƙarfe zinari. Da sarkin Furusiya ya nemi kama shi a 1701 ya gudu Saksoni, ashe gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Ogustus ya tsare shi, ya ce sai ya ga zinari. Shekaru suka shuɗe ba zinari ba dalilinsa. Abin da ya ceci wuyan yaron shi ne an haɗa shi da wani masani dattijo, Tschirnhaus, wanda ya daɗe yana gwada narkar da ƙasa da duwatsu da manyan madubai masu tara hasken rana. A 1708 suka fitar da farin tangaran na farko da aka yi a Turai. Dattijon ya rasu cikin wannan shekara. A 1710 sarki ya kafa masana'anta cikin wata ganuwa a garin Meissen, ya kulle ma'aikatan kamar fursunoni don kada sirri ya fita. Böttger ya mutu a 1719 yana da shekara 37, hayaƙin tanderu da giya sun gama da shi. A cikin shekarar ne ma ɗaya daga ma'aikatan ya sulale zuwa Biyana da sirrin a kansa. Faransa ta sami nata kawolin a 1768 kusa da Limoges, shi ya sa tsofaffin farantan da ke gidajen wasu tsofaffin ma'aikatanmu ke ɗauke da wannan suna a gindinsu.

Mariƙi kuwa daga wani gefe ya shigo. Talakan Turai ya daɗe yana da babban kofi mai hannu, na katako ko na ƙarfe ko na yumɓu mai kauri, da shi yake shan abin shansa bayan aiki. Masu kuɗi kuma da suka karɓi shayi sun fi son sa da tafasasshen ruwa, siririn kofin Sin na ƙona musu yatsu, sai cikin ƙarni na 18 aka riƙa liƙa masa ɗan kunne. Kofin da muke riƙewa yau jikan waɗannan biyu ne. Siffarsa ta lebura ce, jikinsa na sarki.

Amma kafin jikin sarki ya sauko hannun lebura sai da abu biyu suka faru a Ingila. Na farko haraji. Har zuwa 1784 harajin ganyen shayi ya kai kashi 119 cikin ɗari, abin da ya mai da fasa-ƙwauri babbar sana'a, kamar yadda mu mazauna bakin iyaka muka sani sarai. A wannan shekara gwamnati ta sauke shi zuwa kashi 12 da rabi. Shayi ya shiga gidan kowa, kowa kuma na bukatar abin sha.

Na biyu shi ne Josiah Wedgwood, ɗan gidan magina a yankin da yau ake kira Stoke-on-Trent. Ciwon agana ya lalata masa gwiwa tun yana yaro, har ba ya iya taka faifan da magina ke murza yumɓu da shi, daga baya ma a 1768 aka yanke ƙafar. Rashin ƙafar ya tura shi ga tunani. Ya kafa nasa wurin a 1759, ya yi gwaji dubbai, kowanne ya rubuta shi da lamba cikin littafi: nawa na wannan ƙasa, nawa na wancan dutse, wane gefen tanderu. (Nakan ba ƴan ajina wannan misali in sun ƙi rubuta abin da suka gani a darasin kimiyya.) Ya fitar da wani irin yumɓu mai launin madara, mai ƙwari, mai sauƙin kuɗi. Wayonsa na kasuwa shi ne ya fara kai wa Sarauniya Shalot a 1765, ya nemi izinin sa wa kayan sunan sarauniya, sannan ya sayar wa duk mai son ya ci da irin farantin fada. Ya tsaya kai da fata aka haƙa hanyar ruwa da ta ratsa yankin, aka gama ta a 1777, don kafin nan bisa bayan dawaki ake ɗaukar kaya, wasu su isa wasu su fashe a hanya. Ana ba da labarin yakan zaga wurin aiki da sandarsa, duk abin da bai yi masa ba ya farfasa shi nan take. Maƙwabcinsa Spode kuma, cikin shekarun 1790, ya daidaita haɗin da kusan rabinsa tokar ƙashin shanu ce, ya sami tangaran mai haske wanda ba ya saurin ɓantarewa.

Ba zan wuce nan ba sai na faɗi abin da arhar ta ci, tunda iyaye da malamai nake wa magana. Da gwamnatin Ingila ta aika mai bincike, wani likita Samuel Scriven, ya zaga masana'antun yankin a farkon shekarun 1840, ya tarar da yara ƴan shekara bakwai da takwas suna aiki tun asuba har dare. Aikinsu su ɗauki danyen faranti da gudu su kai ɗakin busarwa mai zafi kamar tanda, su fito cikin sanyi, su koma, yini guda. Wasu kuma suna taya masu tsoma kaya cikin ruwan shafen gilas, wanda a lokacin da dalma ake haɗa shi. Hannu ya shanye, ciki ya murɗe, wasu su makance. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Sai a 1864 dokar kare yara a masana'antu ta shafi magina, kuma sai bayan yaƙin duniya na biyu aka hana amfani da ɗanyar dalma a shafen kwanoni a can. ƴan ajin da nake koyarwa yanzu sa'o'in waɗancan yara ne.

Kofi mai kauri da na fi so kuma, irin wanda ake gani a finafinan Amurka cikin gidajen abinci na bakin hanya, soja ne ya jawo shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu rundunar ruwan Amurka ta nemi kofin da zai faɗo daga tebur cikin jirgi bai fashe ba. Wani kamfani mai suna Victor a jihar Niyok, wanda aikinsa yin fararen kaskon tangaran da ake ɗaure wayar lantarki a kansu bisa turaku, ya yi musu shi da yumɓun da wutar da ya saba. Bayan yaƙi aka sa masa mariƙi ya bazu ko'ina. Wajen 1990 kamfanin ya daina, don kwaikwayon da ake yi a Sin ya karya masa farashi. Tangaran ya zaga duniya ya koma inda ya fito.

Akwai waɗanda tun farkon ƙarni na 20 suka ga cewa injin ya cika kasuwa da kaya marasa rai, masu kuɗi kuma sun mai da mai kyau abin kallo. A Japan wani marubuci, Yanagi, da abokansa magina suka tashi da ra'ayin cewa kyan abu yana cikin amfaninsa, kwanon da baƙauye ke cin shinkafa kullum ya fi wanda aka kulle a akwati. Abokinsu Bature, Bernard Leach, ya koma Ingila ya buɗe wurin gini a 1920, kuma almajirinsa na farko shi ne Michael Cardew. Ta hanyar wannan almajiri labarin ya iso kusa da mu.

Cardew ya yi karatu a Jami'ar Okusfod, amma burinsa ya gina tukwanen da talaka zai saya ya yi amfani da su. Ya zo ƙasar Gana ta yau a 1942, ya sha wahala bai ci nasara ba. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane. Ya zaga Arewa yana duba yumɓu da itace da ruwa, ya zaɓi Abuja, ba babban birnin yau ba, tsohuwar masarautar Hausawan Zazzau wadda yanzu ake kira Suleja. Nan ya kafa cibiyar koyar da gini da faifan murzawa da rufaffen tanderu, samari Hausawa da Gwarawa suna koyo. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga wasu tuluna da suka tsayar da shi, ya tambayi mai su, aka ce wata Bagwariya ce daga ƙauyen Kwali. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, mace ta farko. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 20 a kasuwar Maraɗi ko Ƙonni ya ga hotonta a baya tana gini.

Niyyar cibiyar ita ce a yi kofuna da butoci da kwanoni masu ƙwari, da ƙasar wurin da hannun mutanen wurin, don malamai da akawuna da sauran ma'aikata su saya. An kuwa yi su, kuma sun yi kyau. Sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin wanda aka yi dominsa, tunda kwanon sha na ƙarfe mai fenti ya riga ya cika kasuwa da arha, kuma shi in ya faɗi ba ya mutuwa. Masu sayen kayan Abuja suka zama Turawa ma'aikata da manyan mutane. Aka kai su baje koli Landan a 1958 da 1959 da 1962. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne tulunan Ladi. Ta gina su da hannu yadda ta gada, da zanen kada da ƙadangare da kunama, sannan aka shafa musu gilas aka gasa su da babbar wuta. Suka fito da kyan da ba a taɓa gani ba, amma sun yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, kuma sun daina tsattsafo, wato sun daina sanyaya ruwa. Tulu ya tashi daga tulu. Ladi ta rasu a 1984, yau kayanta na cikin gidajen tarihi na Turai da Amurka bayan gilas, kofunan cibiyar kuma masu tara kayan tarihi ke ribibinsu a gwanjo. Mutumin da ya tsallako teku don ya fitar da tangaran daga kwaba, nasa ma kwaba suka koma.

Kada a ce na zo in ci mutuncin jeren mata. Jere ya girmi tangaran a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun jera ƙorai masu zane da tasoshi, iyayenmu suka jera kwanonin fenti, samira da kumbo da langa, waɗanda aka fara kawowa daga Turai da Hong Kong kafin a kafa masana'antunsu a Najeriya. Kuma wancan jere ba ado kaɗai ba ne, asusu ne. Matar da ba ta da gona ba ta da banki, in fari ya zo ko ciwo ya kama yaro, takan sauke kwano biyu ta sayar. In ɗiyarta ta isa aure ta rage daga bango ta kai mata. Ni kaina kuɗin rigar lakol ɗina ta farko daga bangon Inna suka sauko. Wanda ya raina wannan bai san yadda gidaje suka tsallake 1984 ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ya gaji jeren. Yawancin tangaran ɗin da ke shigowa cikin kwali don kayan ɗaki an yi shi ne don ido. Siriri ne, mariƙinsa yatsa ɗaya ke shiga, ruwan zinarin bakinsa wanki biyar ya tafi. Ba banza Bahaushe ya raɗa masa faɗi-ka-mutu ba. In ka kai shi kasuwa ba ya dawo da rabin kuɗinsa, ke nan bai zama asusu ba. Ba a sha da shi, ke nan bai zama kofi ba. Iyayen amarya sun ci bashi sun saye shi, ƴaƴan amaryar kuma suna shan koko mai tururi a robar da ta tsattsage, wadda datti ke maƙalewa cikin tsagunta, wadda ba don tafasasshen abu aka yi ta ba. A lakol kuma mu malamai muna koyar da darasin tsabta da safe, da rana yara sittin su bi layi kan moɗa ɗaya a bakin randa, mai tari da mai mura. Kuɗin saiti guda na kwaba zai saya wa aji guda kofin silba kowa da nasa.

Nawa yawanci wurin ƴan gwanjo nake tsintarsu, cikin tarkacen kayan gida da ake saukewa daga Kwatano, daga dala ɗari zuwa jika guda. Nakan fara ƙyasta shi da farce. In ya yi ƙara mai tsawo wuta ta ratsa shi kuma ba shi da ɓoyayyen tsagu, in ya yi bif kamar ƙwarya sai in ajiye. Sannan in duba inda mariƙi ya haɗu da jiki, don nan ne kofi ke fara mutuwa, in ga ko yatsu uku sun shiga ba tare da bayan hannu ya taɓa zafi ba. In shafa bakin da yatsa. Cikinsa kuwa na fi son fari ko launi ɗaya da ke ƙarƙashin shafen gilas. Zanen da aka ɗora daga sama, wanda farce ke jin tudunsa, musamman a baki ko a ciki, shi ne masana lafiya ke gargaɗi a kansa saboda dalma, kuma ba na ba yaro shi. Daga ƙarshe in kifa shi in karanta tambarin gindi. Ina da biyu daga Stoke-on-Trent, ɗaya daga Limoges, ɗaya daga Japan, sauran daga Sin, kuma cikin na Sin ɗin akwai wanda ya fi na Ingila ƙwari. Sau da yawa nakan kwashe su cikin kwando in kai aji tare da taswirar duniya, kowane rukuni na yara ya nemo garin da ke rubuce a gindin nasa.

Suna fashewa mana. Na Damagaram ɗin nan, na albashin fari, autata ce ta sake shi bisa siminti tana da shekara shida. Ta ɓuya bayan ƙofa tana jiran bulala. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, shekara goma sha takwas muna tare da shi. Amma ni na kafa dokar a sha da shi, ba ita ba. Muka tattara gutsattsarin tare, na liƙe abin da ya liƙu, yanzu alli nake zubawa ciki bisa teburina. Washegari na ce ta zaɓi wani, ta zaɓi mafi nauyi, tun daga ranar da hannu biyu take riƙe shi, kuma ita ke wanke abinta.

Makon da ya wuce abokin nan nawa mai kwaba ya biyo ta gidana bayan la'asar. Na ce ya zaɓa. Ya daɗe yana dubawa, ya ɗauki wani ruwan ƙasa mai kauri, ya auna shi a tafin hannu, aka zuba masa shayi da madara. Muka yi hirar jarrabawa da ta albashi har aka kira magariba, shayin bai huce ba. Da zai tafi ya tsaya a zaure yana juya kofin, ya ce, "Mushe, wannan fa ba zan mayar bisa ƙusa ba." Na ce ya tafi da shi, da sharaɗin kada in zo in tarar da shi bayan gilas. Yanzu goma sha uku suka rage, ƙusa ɗaya na nan fayau, sai ranar kasuwa.